Jinin da Ya Ƙi Yin Barci a Bukkar Obed

Ni na fara ganin ƙoƙon nan. A fara rubuta wannan kafin a rubuta komai, don in ka shiga Unguwar Dinya yau ka tambaya, kowa ce maka zai yi Joyce matar Obed ce ta gano shi. Me ta yi? Ihu. To ihu gani ne? Lokacin da ta iso bakin dam da kwanon koko a ka, ni Uwaisu ina tsugune a ƙofar bukkar har ƙafafuna sun yi tsami.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai bin sawu a wannan yanki namu na ƙasar Shanono. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma ba a taɓa sace akuya a karkarar nan na kasa kai mai ita ƙofar gidan ɓarawon ba. Maciji kuma sau uku yana sarana. Kasa ta ci min yatsu biyu a hannun hagu, gamsheƙa ta gwada ta gaji, kububuwa ta kwantar da ni a asibiti a Kano. Dukansu sun riga ni tafiya. Ni ga ni, ina cin tuwona da yatsun da suka rage.

Obed masunci ne, ɗan wata mata da ake kira Baturiya, yaro mai ƙarfi da dariya. In kaka ta yi, a bukkar ciyawa yake kwana a bakin dam don tsaron komarsa. Ran nan da na idar da sallar asuba na sauka duba fatsata, sai na ga ƙudaje sun yi wa ƙofar bukkarsa yawa. Na leƙa. Ba Obed. Tabarma jiƙe da jini, gwangwanin tanarsa a kife, ƙasa duk tofin yawu ja. A gefe kuma ga ƙoƙo, jini ya kusa rabinsa.

Na ɗan karkata ƙoƙon. Jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo. Nan take na gane wannan jinin. Irinsa ya taɓa fita daga jikina.

Ina shirin duba ƙasa ke nan Joyce ta iso da tsohon cikinta, ta leƙa ta bayana, ta yar da kwano, ta ɗora hannu a ka. Kafin in miƙe gari ya sauko. Maza, mata, har da masu goyo, kowa sai ya taka inda bai kamata ba.

Na ce, “Ku ja baya! Kuna tattake min magana!”

Wa ya ji? Wani ya hango ƙoƙon ya ce, “An yanka shi! 'Yan shan jini ne!” Shi ke nan, gari ya samu abin da yake so.

Na kama rigar mai unguwa na ce, “Ranka ya daɗe, ba a yanka yaron nan ba. Maciji ne ya sare shi, kuma da ransa. A nemo shi yanzu, kafin jininsa ya ƙare.”

Ya dube ni kamar mai kallon ɗan yaye. Ya ce, “Baba Uwaisu, yau ba akuya ce ta ɓata ba, mutum ne. Macijin ne ya tara jinin a ƙoƙo? Ko shi ne ya goya shi ya tafi da shi?”

Aka yi tsaki, aka bar ni tsaye. Tambayarsa ba ta wauta ba ce, na yarda, amma da ya bari na gama ai da ya ji.

* * *

Na zagaya bayan bukka, inda ƙafar jama'a ba ta kai ba. Can ƙasa ta yi min magana. Sawun jaki, ya zo da sauƙi ya koma da nauyi. Kofatonsa na baya a tsage. A gefensa sawun mutum mai takalmin taya, yana tafe yana manne da jakin, irin tafiyar wanda ya riƙe wani kada ya faɗo. Ɗigon jini a hannun dama kawai, jere, kamar daga hannun da ke lilo. Bayansu kuma sawun kare.

Gaba kaɗan na tarar an tone saiwar gwandar daji, ƙasar ba ta ko bushe ba. Mai yanka mutum ba ya tsayawa tonon magani. Wanda ya ɗauki Obed jinya yake yi masa, irin jinyar da take kashewa.

Na bi sawun har burtali. A nan Fulani suka wuce da shanu da sassafe, suka niƙe komai. Na yi gabas, na yi yamma, ba ko alama. Na tsaya ina magana ni kaɗai, na ce, “Wannan kofato dai na jakin Kallamu ne.”

Ashe wasu zauna-gari-banza suna biye da ni a baya. Ba su ji maganar maciji ba, ba su ji ta kare ba, wannan kaɗai kunnensu ya ɗauka. Suka juya da gudu suna kiran sunan Kallamu. Har yau akwai masu cewa ni na nuna shi. Ni da ƙasa nake magana, wa ya ce su sa mana baki?

* * *

Kallamu mai bandar kifi ne, gidansa ne na ƙarshe kafin dam. Kakansa ne ya zo daga Barno, shi kuwa a nan aka binne cibiyarsa, tare da 'ya'yanmu ya yi kiwo. Amma ran nan sai ya koma “Babarbaren nan”. Ga shi kuma ranar kasuwar da ta wuce sun shaƙe kwala shi da Obed, don Obed ya ce shi ne yake zuba maganin ƙwari a ruwa kifi na tasowa.

Da na iso an riga an zagaye gidan. An fito da jakin, ga jini a gadon bayansa. An fito da wuƙa, ita ma da jini. Mai unguwa ya yi abin kirki guda: ya tura Kallamu cikin zaure ya tsaya a bakin ƙofa, ya buga wa hukuma waya. Sai dai damina ta cinye hanyarmu, zuwan mota sai a hankali, samari kuwa har sun fara tsiyayar fetur daga babura.

Na karɓi wuƙar na shinshina, na miƙa wa wanda ya fi kowa haƙilo. Na ce, “Shaƙa. In Obed tarwaɗa ne, to shi aka yanka.”

Na raɓa na leƙa tagar zauren. Kallamu na zaune a ƙasa, hula a gwiwa.

Na ce, “Kallamu, ina jakinka ya kwana?”

Ya ce, “Baba, ka tambaye shi mana. Ai an ce kai kana jin yaren dabbobi.”

“Ana shirin gasa ka kamar kifinka, kana yi min baƙar magana?”

“To me zan ce? Mutumin da ya ci tuwon sunana shi ne yake riƙe da galan.”

Fanna matarsa ce ta amsa min daga bayan zana. Ta ce da ta fito alwalar asuba ba jaki a turke, igiyar kuma kwance ta aka yi a tsanake, ba yanka ba. Rana na ɗagowa ya dawo da kansa.

Na ce, “Kun ji haushin kare?”

Ta ce, “Mu da ba mu da kare, Baba? Amma na ji wani yana ce wa kare ‘kul’ a hankali, ta bayan danga.”

Na faɗa wa mai unguwa ya riƙe min mutanen nan ko da faɗa ne, na nufi gidan su Obed.

* * *

Baturiya, uwar Obed, na zaune a tsakar gida an kewaye ta. Joyce na gefe, kuka ya ƙare mata sai ajiyar zuciya. A kan turmi kuma ga Maikano, yayan Baturiya, babban maharbin yankin nan. Shi bai bi masallaci ba bai bi coci ba, yana nan a kan na iyaye. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya.

Ya ce, “Mai yatsa takwas, an ce ka gano ɓarawo, ashe jaki ne.”

Na ce, “Jaki dai ya fi wasu gaskiya, shi ya dawo gida. Yaushe rabonka da yaron?”

“Tun ranar kasuwa.”

Na juya wurin Baturiya. Na tambaye ta ko ta ga wani canji a jikin ɗanta kwanan nan. Ta saci kallon Joyce, sannan ta ce farkon kaka ya shigo da sabuwar tsaga a wuyan hannu da idon sawu, an goga baƙin magani. Tun daga nan ya daina sa takalmi in zai shiga ciyawa. In ta yi magana sai ya ce, “Inna, ni yanzu abin ƙasa kunyata yake ji.”

Joyce ta ɗago. Ta ce, “Ni ce min ya yi ƙaya ce ta karce shi. Ya san fasto ya hana.”

Na ce, “Wa ya yi masa tsagar?”

Maikano ya riga kowa. Ya ce, “Gardin nan da ya zo wasa da macizai ranar kasuwa. Shi za ka nema.”

Na kusa hawa. Har na fara tunanin wanda zai kai ni garin gardin a babur, sai na tuna gardin a motar haya ya zo ya koma, ba shi da kare, bai kuma san turken jakin Kallamu ba.

Ana haka Joyce ta yunƙura ta miƙe. Ta ce ita ba za ta zauna ba, za ta bi gonakin gabas tana kiran sunansa. Maikano ya zabura daga kan turmi har kwarinsa ya faɗi. Ya daka mata tsawa, ya ce ta zauna, mace mai ciki ba ta yawon gona. Matar da jiya-jiya na gan ta tana yankan gero a gabansa bai ce uffan ba.

Na dubi ƙarƙashin turmin. Na dubi ƙofar gida. Na ce, “Maikano, ina Duna?”

Duna baƙin karensa ne. Ko makoki Maikano ya je, Duna na kwance a ƙafarsa.

Ya ce, “Ya tafi yawonsa. Kare ma sai ka bi sawunsa?”

Na fita. Na san mutumina. Amma Maikano yana da gona a wuri uku, da maɓoya a cikin duwatsu wadda ko ni sai na wuni ina nema. In na tambaye shi kai tsaye, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗa ba. Rana kuwa tana ta hawa, jinin yaro yana ta zuba a wani wuri.

* * *

Na koma bukka na ɗauko ƙoƙon da hannu biyu, na rufe shi da faifai. Na ce wa mai unguwa ya tara min kowa a gindin ɗinyar ƙofar gidansa: Kallamu, Baturiya, Joyce, Maikano, da masu galan. Ya ce in na ɓata masa lokaci ba ruwansa. Na ce in na ɓata, a haɗa ni da Kallamu a ƙona, a huta da bakina.

Aka taru. Na ajiye ƙoƙon a tsakiya, na kira sarkin fawa.

Na ce, “Kai da kullum hannunka cikin jini yake. In ka yanka rago ka tara jininsa a kwano, ka je ka sha ruwa ka dawo, yaya za ka same shi?”

Ya ce, “Ya yi barci mana. Ya zama kamar hanta.”

“Na mutum fa?”

“Ban taɓa yanka mutum ba, Baba, amma jini ai jini ne.”

Aka ɗan yi dariya. Na buɗe faifan, na karkata ƙoƙon a gaban idonsu. Jinin ya zubo tsululu ya bi ƙasa.

Na ce, “Tun kafin fitowar rana yake ajiye, ga shi hantsi ya wuce, bai yi barci ba. Jinin yankakke ba ya haka. Abu guda na sani a ƙasar nan mai hana jini barci: kububuwa. Da ta sare ni, a asibiti sun ɗebi jinina a 'yar kwalba suka ajiye, muka zuba masa ido ni da likita. Bai kama ba. Dasashina yana zubar da jini, ina tofar da yawu ja, irin wanda kuka tattake a bukkar can. Tsohon ciwon ƙaya ma buɗewa ya yi. Sai da aka ɗura min allurar dafi sannan jinina ya dawo hankalinsa. Ko ba su nuna min ba da na gano da kaina, amma dai sun nuna.”

Wani daga baya ya ce, “To wa ya tara shi a ƙoƙo?”

“Wanda ya tsaga wurin saran, wai yana fitar da dafi. Ya tsaga, jini ya ƙi tsayawa, ya tara ƙoƙo. Ya tono saiwar gwandar daji. Da gari ya kusa wayewa ya tuna mata suna saukowa dam sayen kifi, ya ari jakin da ya fi kusa ya kwashe yaron. Kallamu ko ganyen shuwaka bai sani ba, balle saiwa.”

Duk da haka ba wanda ya ajiye galan. Mai unguwa ya ce, “To yana ina?”

Na ce, “Yanzu za mu nemo shi. Kuma ba ni zan shige gaba ba. Joyce, 'yata, tashi. Ke za ki ja mu. Duk bukkar gona, duk rumbu, duk kogon dutse, ke za ki fara leƙawa da idonki. Daga gabas za mu soma.”

Yarinyar nan ba ta tambayi dalili ba. Ta gyara ɗaurin zani a kan cikinta ta kama hanya. Taku kaɗan ta yi.

“Kada ta je!”

Maikano ne, a tsaye.

“Ku riƙe ta! In idonta ya sauka a kansa za ta kashe min yaro!”

Na ce, “Wane yaro, Maikano? Ai ka ce rabonka da shi tun ranar kasuwa.”

Baturiya ta miƙe a hankali ta ce, “Yaya?” Kalmar ke nan guda, amma sai da ya zauna a ƙasa.

Ya faɗa da bakinsa. Shi ya yi wa Obed tsaga, ya ba shi magani ya sha, ya ce masa daga yau ba abin ƙasan da zai iya da shi. Jiya da la'asar Obed yana ɗaga duwatsu neman tanar fatsa, ya tarar da kububuwa a naɗe. Maimakon ya ja da baya, sai ya kai hannu zai kama ta ya jefar, tunda ai ya sha. Ta same shi a gindin babban yatsa. Maikano na dawowa daga duba tarko ya iske shi. Ya ɗaure hannun da roba, ya tsaga, ya tsotsa, ya manna baƙin dutse.

Ya ce, “Maganina bai taɓa ƙarya ba. Miyar kuɓewa ya ci, ita ta karya shi. Kuma kun san ƙa'ida: wanda abin ƙasa ya taɓa ba ya shiga gari, mai ciki ba ta ganinsa, ba a kuma faɗa sai ya kwana uku. Haka muka gada.”

Mai unguwa ya ce, “Kallamu fa? Kana zaune za a ƙona shi?”

“In an kwana ukun ai zan faɗa.”

Kallamu ya ce, “Allah ya saka, Baba Maikano. Lokacin tokata ma ta huce.”

* * *

A bayan gonar geronsa ne, cikin duwatsu, wata 'yar bukka da ba a hango ta sai an zo dab. Duna na kwance a ƙofa. Obed na ciki a kan buhu, ido biyu amma da ƙyar. Hannun ya kumbura har kafaɗa. Daga inda aka ɗaure robar zuwa yatsu ya yi baƙi, ya yi sanyi. Tsagar da aka yi masa tana ta tsiyaya, haƙoransa ja.

Nan kuma sabon hauka ya tashi. Mutanen da ɗazu suke neman ƙona mutum duk suka zama likitoci. Wannan ya ce a ba shi madara, wancan ya ce manja. Wani ya zaro ƙwayar ciwon jiki daga aljihu. Wani ya ce a tashe shi ya taka, jini ya motsa. Wani ya tafi neman macijiyar da sanda, wai a tafi da ita. Sarkin fawa kuwa har ya zare wuƙa zai yanke robar.

Na ɗaga hannuna na hagu sama, na ce, “Kun ga wannan? Ba kasa ce ta cinye yatsun nan ba, igiyar da babana ya ɗaure ni da ita ce. Tun farko ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. Amma tunda an riga an ɗaure tun jiya, ba kai za ka kwance ba, sarkin fawa. A bar wa likita, ya kwance da allura a kusa da shi. Kai mai ƙwaya, mayar da ita aljihu, irin wannan ƙara tsinka jini take yi. A kira wancan sakaran ya bar macijiyar, mutum ɗaya ya ishe mu ɗauka. Kuma duk wanda ya sa yaron nan ya taka ƙasa, ni da shi ne.”

Na yanke kambun fatar da ke damtsensa, don kumburi ya fara cinye shi. Na sa aka karyo karan dawa, muka jera a hannun muka naɗe da ɗankwali sakwa-sakwa, yadda ba zai motsa ba. Aka ciro ƙyauren wata bukka muka kwantar da shi a kai.

Sai ga Joyce ta ratso mutane. Maikano ya rufe fuska da hannu biyu. Ta durƙusa ta ɗora kan mijinta a cinya, ta kalle shi ido cikin ido, da cikinta da komai.

Obed ya buɗe baki da ƙyar ya ce, “Kin kawo kokon?”

Ta ce, “Na zubar. Ƙaya ce ta karce ka, ko? Bari ka warke tukuna.”

Na taɓo Maikano na ce, “Buɗe idonka ka gani. Ta kalle shi, bai mutu ba.”

Mota guda ce a garin da take iya hanyarmu, a-kori-kurar da Kallamu yake kai kifi Kano da ita. Aka rasa mai ƙarfin halin tambayarsa. Shi da kansa ya je ya taso ta, ya tsaya a bakin gona, ya leƙo ya ce, “Motar ɗan shan jini ce fa. Za ku shiga?”

Muka shiga. Na sa mai unguwa ya yi ta buga waya tun a hanya har aka gaya masa asibitin da ke da allurar dafin maciji, don kada mu ɓata lokaci muna tsaye-tsaye a ƙananan wurare. Da muka isa aka ɗebi jinin Obed a 'yar kwalba. Na ce wa ma'aikaciyar kada ta wahalar da kanta, ba zai yi barci ba. Ta ce in fita waje. Na fita, amma bai yi ba.

* * *

Obed ya rayu. Washegari jininsa ya kama. Hannun ne dai ba a samu ba, daga wuyan hannu aka cire. Likita ya ce dafin sun kashe shi da allura, hannun kuwa roba ce ta kashe shi tun kafin a zo. Joyce ta haifi namiji yana kwance. Yanzu ya koma dam, da haƙori yake ɗaure fatsa, kuma ba ya ɗaga dutse sai da sanda.

Hukuma ta tafi da Maikano, Baturiya ta bi ta yi ta roƙo, ta ce ɗan'uwanta ne, aka sako shi. Kallamu kuwa gari ya aika masa da zakara guda, ba wanda ya iya zuwa da ƙafarsa. Ya karɓa, ya ce a gaya musu ya gode da ba a kawo shi a gashe ba.

To ga abin da yake hana ni cin tuwo da daɗi. Ka san me ake faɗa a Unguwar Dinya yanzu? Wai saiwar Maikano ce ta riƙe yaron har aka kai asibiti. Wai ba don tsagar nan ba da nan take zai mutu. Wai laifin kuɓewa ne. Kakar bana da idona na ga samari masu zuwa farauta sun yi layi a ƙofar Maikano suna miƙa hannu ana tsaga musu. Sun ga dungulmin Obed, sun ga yatsuna, suka wuce mu suka je suka miƙa. Sunana kuwa ko a labarin ba ya fitowa. Joyce ta gani, mai unguwa ya yi waya, Kallamu ya ja mota. Ni ina? Wai ina wajen ina surutu.

Amma ni ƙasa nake kallo, ba bakin mutane ba. Tun daga ranar, duk inda Maikano ya bi a daji sawunsa ya canza. Ya ajiye takalmin taya. Dogon takalmin roba yake sawa, har gwiwa, ya saki wando a kai don kada a gani. Mai maganin da ba ya ƙarya ke nan.

Duk wanda ya ce ƙarya nake, gidana ba ɓoyayye ba ne, shi ne mai ƙoƙo rataye a zaure. Ya zo da safe mu biya mu ɗauki Maikano, ya ɗage mana ƙafar wandonsa a gaban jama'a. In hakan bai ishe shi ba, duwatsun bakin dam suna nan inda suke, masu gidan ma suna ciki. Ya sha maganin, a yi masa tsagar, ya yi wata guda bai ci kuɓewa ba. Ni zan ɗaga masa dutsen da sandata, shi ya sa hannu. Sai dai ya fara yi wa Kallamu magana ya tayar da mota.